Baturiyar Bayan Katanga

Shafi na 27

Masu karatu, waɗanda aka bari tsaye a bakin aji, ku matso, ƙofa ta buɗe.

"Mis Rubi! Bar komai ki zo ofis, Hajiya na kira!"

Madam Martha ce, malamar lissafi, ta banko ƙofar ajin tana haki. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda kowa ke yi wa Mis Rubi magana a Makarantar Tauraruwa. Sai da ta matso daf da kunnenta sannan ta ƙara da cewa, "Rasuwa aka yi gidan Alhaji Sada, maƙwabcinki na bayan katanga. Tsohuwar nan mahaifiyarsa. Ɗazu da hantsi, a asibiti."

Alƙalamin allo ya suɓuce daga hannun Memuna ya gangara ƙarƙashin tebur.

Innalillahi ta taso mata tun daga ciki, ta iso har maƙogwaro. Ta haɗiye ta. Yara ashirin da biyu ne suka zuba mata ido, 'ya'yan manya, waɗanda aka kawo don Baturiya daga Ingila ta gyara musu harshe. Baturiya kuwa ba ta salati.

"Ayya, abin tausayi," ta ce da Turancinta na hanci. "Ku buɗe shafi na arba'in. Kada in ji motsin kowa."

Shekara biyu saura wata uku ke nan tana wannan rayuwa. Memuna Salifu, haifaffiyar Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, wadda ta sha Hausa a nono, ita aka ɗora wa gashin kanti da tabarau aka ce sunanta Rubi Anderson, baƙar Baturiya daga Manchester, ba ta jin ko "zo". A duk faɗin Tudun Lu'ulu'u, unguwar masu hannu da shuni da aka zagaye da katanga a bayan garin Katsina, mutum biyu ne suka san gaskiya. Ɗaya tana jiranta a ofis. Ɗaya kuma yanzu aka ce ta rasu.

Ta tura ƙofar ofis.

Hajiya Lauratu, mai makarantar, tana zaune bayan teburinta, fuska ɗauke da murmushin da bai kai ido ba. Alhaji Sada a tsaye yake, ya ƙi zama. Mutumin da kullum sai da direba da ƙamshin turare, yau ga shi da jallabiya a yamutse da silifas ɗin wanka, idanunsa jajur.

"Mis Rubi," in ji Hajiya da Turanci, tana jan kowace kalma, "Alhaji ya yi rashi. Ya zo da wata 'yar tambaya, na ba shi amsa, amma ya nace sai ya ji daga bakinki."

Alhaji ya ajiye wayarsa a kan tebur ya danna.

Aka ji tari. Aka ji numfashi yana fita da ƙyar. Sannan muryar.

"Sada, ka danna abin? To. Ku ji ni da kyau, kada a ce ban hwaɗi ba. In ta Allah ta kasance, Memuna za ta wanke ni. Memuna 'yar Gwanja, malamar makaranta, wadda ke bayan katangarmu wajen zogalena. Indo ta zuba mata ruwa. Kada a ɗauko mani kowa." Ta sake tari. "Ke kuma ɗiyata, na san an ɗaure miki baki. In kin ga da cutuwa, ki zauna abinki, na yafe duniya da lahira. Amma ni dai ke nike so."

Wayar ta yi shiru.

Memuna ta kafa ido a kan kalandar bango. Wannan ta ƙware a kai. A gabanta aka sha cewa ƙafafunta kamar na zalɓe, a gabanta masu gadi suka yi musu kan ko Turawa suna tsarki, ba ta taɓa ko ƙifta ido ba. Amma yau sai da ta dasa farce a tafin hannunta.

"Ka ji ko, Alhaji?" Hajiya ta koma Hausa, murya a sanyaye. "Zafin ciwo ne. Tsofaffinmu in ajali ya matso, sukan kira sunayen mutanen da. Wata Memuna ce can ta ƙuruciyarsu. Ni dai babu mai wannan suna a ma'aikatana."

"Hajiya, ɗaki ɗaya ne a bayan katangata, kuma mutum ɗaya ke kwana cikinsa."

"Baiwar Allahn nan ko sannu ba ta sani ba!"

Ya juyo ga Memuna, ya yi mata Turanci tsaf. "Malama, ban zo tonon asirin kowa ba. Uwata ce kwance a gida. Ke ce Memuna?"

Kafin ta buɗe baki Hajiya ta miƙe tsaye. "Ba mu minti biyar, Alhaji. Ka firgita ta. Turawa ba su saba da maganar gawa haka gatsau ba."

Ya ɗauki wayarsa. "Ƙarfe biyu da rabi za a yi mata salla. Yanzu sha ɗaya saura. Ina baranda."

Ƙofa na rufewa murmushin ya ɓace.

"Tun yaushe?"

Da Hausa ta jefo tambayar. Rabon da ta yi wa Memuna Hausa tun ranar da suka haɗu a Akara, babban birnin Gana, a shagon atamfa, inda Hajiya ta ji Turancinta ta bi ta har bakin titi.

"Wata goma sha ɗaya, Hajiya."

"Wata goma sha ɗaya! Kina cin amanata ta kan katanga!"

"Ji na ta yi ina waya da 'yata a bayan ɗaki. Ban san da mutum a wajen ba. Sai ganin kwanon dambu na yi ya leƙo ta saman katanga, ta hau turmi ta miƙo. Ta ce, 'Ke mai Hausar Gwanja, karɓi, na gaji da ci ni kaɗai.'"

"Sai kika karɓa."

"Hajiya, wata goma na yi a garin nan babu wanda ya ce mini ina kwana."

"An kawo ki gaisuwa ne?" Hajiya ta buga tebur. "Ke kin ɗauka Turancinki iyayen yaran nan suke saye? Masu Turanci sun cika Katsina, ga su nan da digiri suna tuƙa Keke. Baturiya suke saye! Ranar da suka ji kin ce 'yauwa', ranar makarantar nan ta mutu."

"Wanka ne kawai. In shiga ta baya, in fito ta baya..."

"Gidan rasuwa yana da baya? Rabin matan da za su cika falon nan 'ya'yansu na ajinki." Ta jawo aljihun tebur, ta ɗaga fasfo ɗin Memuna da yatsa biyu, ta mayar ta murɗa makulli. "Bari in gaya miki yadda za a yi, don kada ki ce ban faɗa ba. Kika taka gidan nan, ba aiki, ba ɗaki. In iyaye suka taso, zan rantse da Alƙur'ani yaudarata kika yi, ni ma Baturiya na ɗauka. Wa za a yarda da shi, ni ko baƙuwa? Sai ki koma Kumasi ki gaya wa 'yarki Fusena dalilin da za a cire ta daga makaranta."

Memuna ta sunkuyar da kai.

"Ai kin ji da kunnenki, ta ce ta yafe. Matacce ba ya fushi. Goge idonki ki fita."

Ta fita. Alhaji Sada ya taso daga jikin ginshiƙi.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce da Turanci, muryar kamar ba tata ba. "Ban san wadda ake nufi ba. Ina taya ka baƙin ciki."

Ya dube ta. Bai yi mata Turanci ba wannan karon.

"Shi ke nan. Dama ta ce in da cutuwa a ƙyale ki."

Ya ja silifas ɗinsa ya tafi.

Ba ta iya komawa aji ba. Ta ce wa Madam Martha kanta ke ciwo, ta bi ta ƙaramar ƙofa zuwa ɗakinta da ke bayan makaranta. Ɗaki ɗaya da bayi, da na'urar sanyaya ɗaki, da talabijin mai tashoshi ɗari biyu. A nan take salla a ɓoye, labule a sauke, ƙofa a kulle, kamar mai aikata laifi. A nan ta yi sallar idi huɗu ita kaɗai, da biredi da shayi, tana jin ƙamshin suya yana tsallako katanga.

Kwanon Inna Kulu, mahaifiyar Alhaji Sada, yana nan kan firji, na shekaranjiya. Ba ta mayar ba, don ba a mayar da kwano haka nan, tana jira ta sami goro mai kyau ta saka.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Sai a lokacin ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, don ko bango ba ta yarda da shi ba.

Ta taga take hango kan zogalen. Dokar unguwa ta hana shuka komai sai furanni, ta hana shanya a waje, ta hana kiwo, ta hana talla, ta hana zaman ƙofar gida. Inna Kulu da aka ɗauko daga Ƙofar Kwaya, inda ta shekara hamsin gidanta bai taɓa rabuwa da sallama ba, aka ajiye ta a ɗaki mai tayil da makeken gado, ita ce ta saci jiki ta dasa zogale bayan ɗakin janareta. "Kurkukun masu kuɗi," haka take kiran wurin. "Ni an rufe ni da gata, ke an rufe ki da Turanci."

Hayaniya ta fara tasowa daga bayan katangar. Matan cikin gari sun iso. Wata murya mai kaifi ta rufe sauran, Memuna ta gane ta ko da ba ta taɓa ganin mai ita ba. Goggo Indo ce, ƙanwar marigayiya.

"Na'ima! Ina likkafanin Yaya?"

"Goggo, an aika Babbar Kasuwa a yanko sabo, yadi mai kyau..." Matar Alhaji Sada ke nan.

"Sabon mi? Wanda ta sawo a Makka nike tambaya, wanda ta tsoma a zamzam da hannunta. Shekara sha tara tana ajiyarsa. Ina shi?"

"Wallahi na duba ko'ina."

"Kin duba ko kin yar? Ai ta gaya mani! Kin gan shi cikin durowa kin ce yana ba yara tsoro, a fitar da shi."

"Ni ba haka na ce ba, Goggo."

"To ganyen magarya hwa?"

"Babu magarya a unguwar nan. Amma akwai sabulun ruwa mai ƙamshi, daga Dubai..."

"La ilaha illallahu! Ku ji mani ɗiya! Mota za mu wanke?"

Memuna ta rufe ido. Sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ƙunshin.

Wata shida ke nan da Inna Kulu ta miƙo mata shi ta kan katanga, ɗaure cikin tsohon zane. Farin ƙyalle a naɗe, da ƙullin busasshen ganyen magarya, da kafur a cikin gwangwanin madara. Ranar ce Memuna ta ba ta labarin mahaifiyarta, wadda ta shekara talatin tana wanke matan Zango, da yadda tun tana 'yar shekara sha biyar take riƙe mata buta. Tsohuwar ta ce, "Miƙo hannunki in gani." Ta shafa shi ta kan katanga, ta ce, "To, ajiye mani wannan."

Dabara ta faɗo mata. Ai ba sai ta je ba. Ta hau kujera ta jefa musu ta katanga, su tsinta a gindin zogale, su ce ikon Allah. Inna ta sami likkafaninta, ita ta tsira da aikinta, Fusena ta zauna a makaranta.

Ta fito da kujerar roba. Ta hau. Ta ɗaga ƙunshin sama.

Daga nan tana ganin turmin a kife a ɗaya gefen, inda tsohuwa mai shekara saba'in da takwas take takawa kullum bayan la'asar, tana riƙe da bango, don kawai ta ce mata, "Kin wuni lahiya, 'yar Gwanja?" Gefen turmin kwata ce, ruwan wanke-wanke na bi.

Ta jefa likkafani ta katanga, kamar mai zubar da shara?

Hannunta ya sauko da kansa.

Ta koma ɗaki. Ta tuɓe gashin kantin ta ajiye kan talabijin, ta ɗora tabarau a kai. Ta cire siket da kwat. Daga can ƙasan akwati ta zaro atamfar da ta zo da ita daga gida, duk ta yi layin ninki, ta ɗaura. Ta yi alwala. Ta zura hijabin sallarta. Ta rungumi ƙunshin ta buɗe ƙofa.

Tsakaninta da gidan taku biyar ne ta katanga. Ta titi kuwa sai ta zagaye Layi na Uku gaba ɗaya ta shiga Layi na Huɗu. Ta bi kwaltar nan mai sheƙi, gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, furanni an aske su kamar kan soja. Ko kaza babu. Mai gadin makaranta ya bi ta da kallo, bai gane ta ba, har ya ce, "Sannu, Malama."

"Yauwa, sannu da aiki," ta ce.

Kalma huɗu. Sai ta ji kamar ta sauke tulu daga ka.

An kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Sada, an shimfiɗa darduma. Maza sun fi hamsin, 'yan unguwa da manyan riguna a gaba, mutanen cikin gari a gefe. Ta hango Injiniya Yahaya, shugaban ƙungiyar iyayen yara, wanda ya taɓa tsayawa a taro ya ce a tafa wa Hajiya Lauratu da ta kawo musu Ingila har gida.

Babu hanyar shiga sai ta gabansu.

Ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Salamu alaikum. Sannunku da haƙuri. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu guzurin tarar da ita."

"Amin, amin," mutanen gari suka amsa, ba su ga komai ba.

'Yan unguwa kuwa babu wanda ya motsa. Carbin Injiniya Yahaya ya tsaya cak a hannunsa. Ya karkato kai, ya leƙa cikin hijabin.

"Kai... wannan ba Baturiyar makarantarmu ba ce?"

"Wace Baturiya?"

"Mis Rubi! Wallahi ita ce! Malamar su Ashraf!"

Alhaji Sada ya miƙe daga cikin mutane. Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙunshin. "Ku ba ta hanya," kawai ya ce.

Falon cike yake da mata. Tana sa ƙafa surutu ya ɗauke daga gaba zuwa baya. Hajiya Na'ima ta saki kofin da ke hannunta. Wata ta dafe ƙirji, ta tuna irin maganganun da ta sha yi a gaban Baturiya ranar karɓar sakamako.

Wata 'yar tsohuwa siririya ta taso ta tare ƙofar ɗakin da gawar take, ta ware hannuwa.

"Ke ce wadda aka ce? Baturiyar?"

"Ni ce Memuna, Goggo. Ina wuni, ya haƙuri?"

"Riƙe gaisuwarki. An ce mani shekara biyu kina yawo cikin unguwar ga kai ba ɗankwali, gwiwa a waje, ba a taɓa ganin goshinki a ƙasa ba. Yau kin sa hijabi kin zo ki taɓa mani 'yar'uwa? Ko Sada ya yarda ni ban yarda ba. Ciwo ne ya sa ta sambatu."

Memuna ta durƙusa ta kwance zanen a gabanta.

Goggo Indo ta ga farin ƙyallen. Ta ga ɗaurin da aka yi wa ƙullin magaryar, irin ɗaurin da uwarsu ta koya musu su biyu. Ta kai hannu ta taɓa, ta janye kamar ta taɓa wuta.

"Ina kika samo wannan?"

"Ita ta ba ni ajiya."

Tsohuwar ta juya ta watsa wa Na'ima wani kallo, ta dawo kan Memuna. Muryarta ta sauka, amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

"Ajiya daban, wanka daban. Da mi ake farawa?"

"A rufe ta da zane tukuna, kada ido ya ga abin da ba ta nuna ba tana da rai. A naɗe hannu da ƙyalle a yi mata tsarki. Sannan alwala, kamar za ta yi salla."

"Sai mi?"

"Dama kafin hagu. Sau uku, in bai isa ba biyar, ba a tsayawa a kan biyu ko huɗu. Magarya a ruwan tsakiya, kafur a na ƙarshe. A tsefe kai a wanke, a yi kitso uku a kwantar ta baya."

"Ruwan hwa?"

"Ba zafi, ba sanyi. Wanda za ta so da tana ji."

"Abin da kika gani a ciki?"

"A ciki zai zauna, Goggo. Har in tarar da ita."

Goggo Indo ta sauke hannuwanta.

"Wa ya koya miki?"

"Uwata."

"Tana raye?"

"Ni na wanke ta."

Tsohuwar ta matsa gefe. "Na'ima, kawo buta biyu da bokiti. Ki ajiye sabulun Dubai ɗinki."

Suka shiga su biyu, aka rufe ƙofa.

Inna Kulu ta ƙanƙance a kan makeken gadon, kamar yarinya ta yi barci. Wata goma sha ɗaya suna hira, amma Memuna ba ta taɓa ganinta daga wuya zuwa ƙasa ba, katanga ta raba. Yau ta ga ƙafafun da ke hawa turmi, duk sun kumbura. Ta kama su da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai.

"Inna, na zo. Na makara, amma na zo."

"Kada hawayenki ya ɗiga a kanta," in ji Goggo Indo, ita ma nata na zuba. "Yi bisimilla."

Ta yi bisimilla. Goggo na zuba ruwa, ita tana bi da hannu a hankali, tana juya ta kamar mai gudun kada ta tashe ta. Hannun bai manta komai ba. Ƙamshin magarya da kafur ya cika ɗakin, ƙamshin Zango, ƙamshin mahaifiyarta. Ta tsefe furfurar ta raba uku ta kitse. Da suka gama naɗe ta cikin ƙyallen Makka suka ɗaure, Goggo Indo ta tsaya tana kallon aikin.

"Shekara arba'in ina wanka," ta ce. "Ban taɓa ganin hannu mai ladabi irin wannan ba. Yaya ba ta yi sambatu ba."

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci maza suka shigo da makara. Aka fita da Inna Kulu ta babbar ƙofa, aka jera motoci, unguwa ta koma shiru kamar ba a taɓa yin wata tsohuwa a cikinta ba.

Memuna ta fito harabar gidan, zanenta jiƙe har gwiwa. Matan unguwa suka dare mata, kowa da waya a kunne, ana ƙus-ƙus. Babu wadda ta ce mata sannu. Ɗazu ba a yi mata magana don ba ta jin Hausa, yanzu ba a yi mata don tana ji.

A bakin get ta tarar da Madam Martha, riƙe da akwatinta da wata jakar leda.

"An sa kwaɗo a ɗakinki," ta ce da Turanci, sai ta tsaya, ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci, ta koma Hausarta ta mutanen Filato. "Kai, Mis Rubi. Ashe duk zagin da nake yi wa shugabar makaranta a gabanki kina ji?"

"Ina ji, Madam. Sunana Memuna."

"Memuna." Ta gwada sunan a baki. "Abin da na iya kwasowa ke nan kafin su rufe. Fasfo ɗinki ta ce sai dai ki je kotu. Iyaye sun cika ofis, tana ta rantsuwa ba ta san komai ba. Ina za ki kwana?"

Memuna ta dubi titin, dama da hagu. Gida sittin da huɗu, babu ƙofa ɗaya da za ta iya bugawa.

"Ke 'yar Gwanja!" Goggo Indo ce ta fito tana gyara mayafi. "Tsayuwar mi kike yi kamar marar dangi? Ɗauko akwatinki. Ɗakin Yaya na Ƙofar Kwaya yana nan ba kowa, sai dai babu sanyin bature, akwai sauro."

Memuna ta sunkuya za ta ɗauki akwatin.

Sai ga wata tasi ta shigo layin a hankali. Yau saboda jana'iza an bar ƙofar unguwa a buɗe, babu mai tambayar kowa takarda. Motar ta wuce su kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya.

Wata doguwar mace ta fito, baƙa, gashinta a tufke, da wando da jakar goyo, fuskarta duk gajiyar hanya. Ta dubi wayar da ke hannunta. Ta dubi Memuna. Ta sake duban wayar.

Da ta buɗe baki, Turancin da ya fito shi ne wanda Memuna ta shekara biyu tana kwaikwayo a gaban madubi, sai dai wannan ba kwaikwayo ba ne.

"Ke ce a hoton nan, ko? Na shafin makaranta?"

Ta juyo da wayar. Memuna ce, da gashin kanti da tabarau, tana murmushi a gaban allo.

"Mi take cewa?" in ji Goggo Indo.

Memuna ta kafa ido a kan sunan da ke ƙarƙashin hoton. Ita dai duk zamanta ta ɗauka Hajiya Lauratu ce ta ƙirƙiro sunan daga kanta.

Matar ta zuge jaka ta zaro jan fasfo, ta buɗe shi daf da fuskar Memuna.

"Rubi Anderson," ta ce. "Daga Manchester. Kwana uku na yi a hanya don in ga matar da ta ɗauke mini suna da takardun karatu. Lauyana yana bayana da 'yan sanda. Kafin su iso, ki gaya mini: wa ya ba ki?"